Ladabin da Aka Baro a Tashar Jirgi

Mu da muka yi samartaka a tsakiyar shekarun 1980, a Kano ne ko Kaduna, a Jos ko Yamai, ba za mu manta da shigowar rawar birekdans ba. Kaset ɗin bidiyo ne ya kawo mana ita. A taru a gidan da ke da talabijin a sha kallo, washegari a nemo kwali a shimfiɗa a bayan aji, yaro ya kafa kai a ƙasa yana juyi, iyaye na salati. Muka ɗauki hular, muka ɗauki takalmin, har da irin takun. Cikin fina-finan da suka zagaya akwai Beat Street na 1984, inda wani saurayi mai zane a jikin jirgin ƙasa ya rasa ransa garin kokawa da wanda ke bin bayansa yana ɓata masa aiki. Mun tausaya masa, amma a zuci mamaki muka yi: a kan fenti kawai? Rawar ta iso mana, ladabin da ya haife ta bai iso ba. Ba mu kaɗai abin ya wuce ba kuwa. Manyan gidajen baje kolin zane na Amurka da Turai, waɗanda yau suke tunƙaho da aikin masu zanen jirgin nan, su ma zanen suka ɗauka, yawancin ladabin a tashar jirgi aka baro shi.

Mahaifar abin ita ce Bronx, a arewacin birnin New York. Daga 1948 aka fara yanka wata babbar hanyar mota ta tsakiyar unguwar, aikin Robert Moses, mutumin da ya daɗe yana juya gine-ginen birnin yadda ya so. Hanyar ta cinye gidaje, ta raba maƙwabta, masu hali suka kwashe nasu ya nasu suka koma bayan gari. Waɗanda suka rage, da waɗanda suka zo daga baya, yawancinsu baƙaƙen fata ne da 'yan Puerto Rico da baƙi daga tsibiran Karibiyan. Da haya ta daina kawo riba, wasu masu gidajen suka ga gara gida ya ƙone inshora ta biya. A 1975 birnin kansa ya kusa tsiyacewa, aka rage ma'aikata har da 'yan kwana-kwana. Da Shugaba Jimmy Carter ya leƙa titin Charlotte a Oktoban 1977, kangaye da ɓaraguzai ya tarar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tun ƙarshen shekarun 1960 ƙungiyoyin daba suka raba unguwar layi-layi, kowace da rigarta da iyakarta.

A Disambar 1971 aka kashe wani saurayi, Cornell Benjamin, wanda ake kira Black Benjie. Ɗan ƙungiyar Ghetto Brothers ne, aikinsa a cikinta sulhu, kuma wajen raba faɗa ya gamu da ajalinsa. Kowa ya zuba ido ya ga ramuwa. Sai 'yan'uwansa suka haɗiye fushi, aka tara shugabannin ƙungiyoyi a wani zauren matasa da ke titin Hoe, aka faɗi maganganu masu zafi, aka tashi da alkawarin zaman lafiya. Sulhun bai kashe daba kwata-kwata ba, amma ya buɗe hanya, yaro ya iya taka layin da jiya bai isa ya taka ba. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 11 ga Agusta, 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan casu a zauren benen da suke haya, lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. 'Yan mata senti 25, samari senti 50. Yayanta Clive, haifaffen Jamaika, wanda duniya ta sani da DJ Kool Herc, shi ya sa faifai. Ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru ganga ta rage ita kaɗai, sai ya riƙa haɗa faifai biyu iri ɗaya, yana maimaita gaɓar daga wannan zuwa wancan. Daga wannan dare ake ƙirga shekarun hip-hop.

Mu da muke zaune a biranen da daba ba baƙuwa ba ce, ya kamata mu ɗan dakata a nan. Yaran nan ba su daina son a san su ba, ba su daina son kayar da abokin gaba ba. Filin kawai suka sauya. A yi da'ira, mutum ya shiga tsakiya ya nuna abin da ya iya, ya koma gefe, abokin karawarsa ya shiga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san irin wannan: kowa da sunan da ya ci da guminsa, jama'a na gani, kuma in an tashi ba a bin mutum gida da wuƙa. Muna yawan cewa a hana matasa kaza, a hana su kaza. Ba kasafai muke tambayar ina za su kai zafin jinin da Allah ya ba su ba.

Rubutun bango ma ya girmi casun Cindy. Tun ƙarshen shekarun 1960 wani yaro a Philadelphia yake barin laƙabinsa, Cornbread, duk inda ya samu fili. A New York kuma wani ɗan aike, ɗan asalin Girka, ya riƙa rubuta TAKI 183 duk inda aike ya kai shi; Taki sunansa ne na gida, 183 lambar titinsu. Da jaridar New York Times ta buga labarinsa a Yulin 1971, sai yara suka farga cewa wanda ba a san da zamansa ba zai iya sa gari guda ya karanta sunansa. Suka farga kuma cewa bango a tsaye yake, jirgi kuwa tafiya yake yi. Sunan da aka rubuta a Bronx da dare, da hantsi ya ratsa tsakiyar Manhattan inda attajirai suke, ya isa Brooklyn. Cikin 'yan shekaru abin ya tashi daga sa hannu da alƙalami ya zama haruffa masu tsayin mutum. Phase 2 ya kumbura haruffa suka yi ɓul-ɓul, wasu suka sarƙe su da kibiyoyi har sai ɗan gida ke iya karantawa. Lee Quiñones da abokansa sun taɓa cika jirgi guda mai tarago goma.

A yadda ake aikin ne ladabin ya samo tushe. Da dare ake yi, a garejin da ake kwantar da jirage ko a cikin rami, ga duhu, ga dogo na uku mai ɗauke da lantarkin da ke kisa, ga 'yan sanda. Sau da yawa tsakanin jirgi da jirgi bai wuce faɗin mutum ba, don haka mai zane ba shi da halin ja da baya ya dubi abin da yake yi. Dole zanen ya zauna masa a ka tun kafin ya zo, ya kuma sha gwada shi a ɗan baƙin littafin da kowannensu ke yawo da shi. Bakin gwangwanin fenti tsukakke ne, sai suka riƙa ciro na gwangwanin wankin murhu suna ɗorawa don feshi ya yi faɗi. Sai gari ya waye mutum zai ga aikinsa, shi ma na 'yan daƙiƙu, daga bakin tasha. Tashar titi na 149 a Grand Concourse ita ce majalisarsu. Akwai wani benci a can da suke taruwa bayan an tashi daga makaranta, suna kallon jiragen layi na 2 da na 5 suna wucewa, suna yanke hukunci: wannan ya iya, wannan da saura, wannan kuwa salon wane ne ya sato.

Satar salo ita ce babban abin kunya a wurinsu. Abin lura, al'adar gaba ɗayanta a kan ɗauko na wani aka gina ta. Herc faifan James Brown yake sawa. Fab 5 Freddy a 1980 ya cika tarago da gwangwanayen miya irin waɗanda Andy Warhol ya yi suna da zanawa. Ba wanda ya kira su ɓarayi, domin abin da suka ɗauko sun juya shi ya zama wani sabon abu, kuma a bainar jama'a suka yi. Abin da ba a yafewa shi ne ka kwafi harafin tsaranka, wanda ya yi watanni yana gogewa, ka ɗora sunanka a kai. Kayan aro ba ya rufe katara. Herc ma jiƙa faifansa yake yi a ruwa ya ɓare takardar sunan, don kada abokin gasa ya leƙo ya je ya sayi irinsa ba tare da ya sha wahalar nema ba.

Yau yaro na iya sauke kiɗan wani a wayarsa da safe, ya ɗora murya, ya sake shi kafin la'asar. Cikin mawaƙanmu na gambarar zamani, daga Kano har Yamai, akwai masu hazaƙa ta gaske, kuma waɗanda na fi so su ne waɗanda in ka ji baiti biyu ka san bakin wane ne. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne bencin: 'yan'uwan sana'a da za su dubi idon mutum su ce masa, ɗan'uwa, wannan ba naka ba ne. Yawan mabiya a Facebook ko TikTok ba ya yin wannan aikin.

Sai batun hawa kan aikin wani. Taragai ƙididdigaggu ne, masu so kuwa ba iyaka, don haka aka yi tsari: babban aiki na iya rufe ɗan sa hannu, amma ƙarami ba ya hawa kan babba, sabon shiga kuma ba ya taɓa aikin gwani. Wanda ya ja layi a kan sunan wani ya tsokano faɗa, kuma ya sani. Fim ɗin Style Wars na 1983, wanda Tony Silver da Henry Chalfant suka ɗauka da yaran na gaskiya, ya nuna wani mai suna Cap da ya mai da rufe aikin mutane sana'a, da irin takaicin da ya cusa musu. In muka tuna cewa yaron nan ba shi da shago, ba shi da takardar shaida, sunan da ya sa ransa a kasada ya rubuta shi ne dukiyarsa kaf, sai mu gane abin da ake kashe masa in an shafe shi.

Ba a shiga sana'ar da ka. Sabon yaro gwani yake bi, ya riƙe masa jakar fenti, ya yi gadi, a ba shi cikon launi a cikin harafin da ubangidansa ya fitar, har wata rana a zana masa sunansa a littafi a ce je ka gwada. Suna da sarakunan layi, amma ba wanda ke naɗa kansa. Yawan aiki da kyansa ke naɗi, in ka kwanta kuma wani ya karɓe. Ba a tambayar ɗan wane ne. Kase 2 hannu ɗaya gare shi, ya rasa ɗayan tun yana yaro, amma salon haruffansa ya sa masu hannu biyu suka sara masa. Lady Pink, haifaffiyar Ekwado, ta shiga a 1979 tana 'yar shekara 15, ta sha gorin samari, ta amsa musu da taragai. Yabon gwani ya zama dole.

Ba zan wanke su tas ba, domin rabin labari ba na dattijo ba ne. Fentin yawancinsa na sata ne daga kantuna. Jirgin kuma na jama'a ne. Ma'aikaciyar asibiti da ta taso daga aikin dare, ta shiga taragon da aka dabaibaye cikinsa da baƙin rubutu har taswirar hanya ba ta karantuwa, tana da gaskiya in ta ji an ci mata fuska. Wasu yaran sun mutu a rami, wasu sun nakasa, iyaye mata sun sha kwana ido biyu. Magajin gari John Lindsay ya shelanta yaƙi da abin a 1972, wani magajin garin, Ed Koch, daga baya ya sa waya mai reza da karnuka a garejin jirage. Amma laifin da suka yi wa hukuma bai goge wata gaskiyar ba: a wurin da hukuma ta janye ta bar su, su ne suka kafa wa kansu doka, kuma suka bi ta fiye da yadda manya da yawa ke bin tasu.

Hanyar zuwa gidan baje koli ta fara da wuri. A 1972 wani ɗalibin jami'a, Hugo Martinez, ya tara gwanayen ya ba su ƙyallen zane. A Disambar 1979 Lee da Fab 5 Freddy suka baje aikinsu a Roma. A 1980 wani mai zane, Crash, yana ɗan shekara 19, ya shirya baje koli a zauren Fashion Moda, cikin Bronx ɗin kanta. A Disambar 1983 kuwa Sidney Janis, dillalin da ya saba da aikin manya irin su Mondrian da Pollock, ya buɗe musu ƙofarsa. Yaran da jiya ake kora, yau ga sunansu a katin gayyata. Wa zai yi musu baƙin ciki? Sai dai tarago ya haura ƙafa hamsin kuma gudu yake yi, ƙyalle kuwa a rataye yake. Mai saye ba ya iya karanta harafin, bai san wa ya fara salon ba, bai san wa ya kwafa ba. Alƙalanci ya bar hannun 'yan benci ya koma hannun dillalai, shi kuwa dillali mutum ɗaya yake so mai labarin da zai sayu, ba ƙungiya ba. Ba a jima ba kasuwar New York ta gaji da yawancinsu. Masu saye a Turai, musamman Holan, su suka riƙe wasu.

Wanda kasuwa ta ɗaga sama shi ne Jean-Michel Basquiat, ɗan Brooklyn, uba ɗan Haiti, uwa 'yar asalin Puerto Rico. Shi ba ɗan jirgi ba ne. Jimloli yake rubutawa a bango tare da abokinsa Al Diaz, suna sa hannu da SAMO. Amma abokin tafiyarsu ne, har ya shirya faifan Beat Bop da mawaƙa Rammellzee da K-Rob a 1983, kuma mai duban zanensa zai ga kambin sarauta, zai ga sunayen 'yan dambe da makaɗa baƙaƙen fata da yake rubutawa don kada a manta da su. A wannan shekarar, ranar 15 ga Satumba, 'yan sandan jirgi suka kama wani matashin mai zane, Michael Stewart, ɗan shekara 25, bisa zargin rubutu a bangon tasha. A ɗaure aka kai shi asibiti, jiki duk rauni, ya yi kwana 13 bai farfaɗo ba, ya rasu. 'Yan sanda shida da aka gurfanar, kotu ta sallame su a 1985. Basquiat ya zana abin a bangon ɗakin aikin abokinsa Keith Haring, shi kuma daga baya ya yanke wurin ya adana; a 2019 gidan Guggenheim ya nuna shi ga jama'a. Tsakanin rasuwar Stewart da bikin Janis bai kai wata uku ba, a gari ɗaya. Basquiat kansa ya rasu a 1988 yana da shekara 27. A Mayun 2017 wani attajiri ɗan Japan, Yusaku Maezawa, ya sayi zanensa guda a gwanjo kan dala miliyan 110.5. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Hukumar jiragen ta gano lagon yaran a 1984: duk taragon da aka wanke, in an sake zana shi, ba zai fita aiki ba sai an goge. Wanda ya yi don a gani, aka hana gani. Ranar 12 ga Mayu, 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane. Ba don Martha Cooper da Henry Chalfant sun yi shekaru suna ɗaukar hotuna ba, waɗanda suka tara a littafin Subway Art a 1984, da na baya sai labari. Yau salon ya game duniya. A Dakar, mai zane Docta ya kafa bikin Festigraff a 2010. A 2024 rawar da muka koya a kan kwali ta shiga gasar Olamfik a Faris. Ina murna da wannan har zuciya. Amma ɗan katin da ake liƙawa kusa da zane yana faɗin suna da shekara ne kawai, ba ya faɗin wa mutum ya riƙe wa jaka, ko wa ya koyar bayansa. In 'ya'yanmu sun kawo mana abin da suka zana, a takarda ne ko a kwamfuta, bayan mun sa albarka yana da kyau mu tambaye su hannun wa suka bi, kuma me suka ƙara da nasu.

Akwai dai inda ladabin nan ya kai har gaban alƙali. A Long Island City da ke Queens, a da akwai wata tsohuwar masana'anta da mai ita ya yarda a yi zane a jikinta. Daga 2002 wani mai zane, Jonathan Cohen, da ake kira Meres One, ya riƙe ragamar wurin, aka san shi da 5Pointz. Bisa tsohon tsari ya tafiyar da shi, sai dai ba sata, ba ɓuya: ba mai taɓa bango sai da izini, akwai bangon da ake sabuntawa cikin kwanaki, akwai na sama da ake ware wa gwanaye inda aiki ke daɗewa, kuma sau da yawa sai an nemi yardar mai aikin da za a rufe. A Nuwambar 2013 mai ginin, da yake so ya rushe ya gina benayen haya, ya sa aka shafe komai da farin fenti cikin dare. Ginin nasa ne, ba wanda ya musa, amma wata dokar Amurka ta 1990 ta tanadi a ba mai zanen da aikinsa ya samu karɓuwa sanarwar kwana 90 don ya kwashe abin da zai kwasu. A Fabrairun 2018 alƙali Frederic Block ya yanke a biya masu zane 21 dala miliyan 6.75 saboda ayyuka 45. Da aka ɗaukaka ƙara, gardamar ta koma kan wa ke da ikon cewa zanen feshi ya kai matsayin da doka za ta kare. Kotun ta ce a dubi shaidar masana da ta 'yan'uwan sana'a, ta kuma karɓi tantancewar da Cohen ke yi kafin ya ba mutum bango a matsayin hujja. A Oktoban 2020 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin mai ginin, hukuncin ya tabbata.